Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano: a raba mu da baƙar leda, amma a faro daga inda ake yin ta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, Shugaban Majalisa da sauran wakilanmu, tare da Mai Girma Kwamishinan Muhalli. Ina yi muku fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni ɗan kasuwa ne. Shagon kayan masarufi gare ni a bakin hanya cikin wata unguwa ta birnin nan, kuma na haura shekara ashirin ina buɗe shi kullum bayan sallar asuba. Kayan shago a Singa nake saro su, hatsi kuwa a Dawanau. Tun daga mai sayen ashana har mai awon shinkafa tiya biyar, kusan babu wanda ke barin gabana ba tare da leda a hannunsa ba. Saboda haka ba a matsayin ɗan kallo na rubuto muku ba. Ledar da kuke gani maƙale a reshen darbejiya, ko kwance cikin lambatu, da hannuna a ciki, kuma na daɗe da sanin haka.

Tun da jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a watan Janairun 2024, sannan ta fara tilasta dokar hana ledar da ba ta kai kaurin maikuron 40 ba (maikuron ma'aunin kauri ne, dubunsa ne milimita ɗaya) daga ranar 1 ga Yulin 2025, maganar ta zama abin hira a kasuwanninmu. Gwamnatin Tarayya ma ta hana amfani da robobin da ake yarwa bayan aiki ɗaya a ma'aikatunta tun watan Yunin 2024. Ko ba daɗe ko ba jima maganar za ta zo zaurenku. Kafin ta zo nake so ku ji abin da masu saye da masu sayarwa ke faɗa da bakinsu, domin na ji wasu na cewa 'yan kasuwa ne za su fara tsayawa gaban dokar. Ba haka abin yake ba, ko kuma in ce ba haka kawai yake ba.

Bari in fara da ranar da abin ya shiga raina. Wata damina aka kwana ana ruwa. Da na zo buɗe shago sai na tarar ruwa ya shige ta ƙarƙashin ƙofa ya kai idon sawu. Buhunan da ke ƙasa, sukari da fulawa da gishiri, duk sun sha. Sukarin ya narke yana bin ruwan, fulawa ta zama ƙullu a cikin buhunta. Muka haɗu da maƙwabta muka ɗaga murfin kwalbatin da ke gaban layin, muka sa manjagara da shebur. Na ɗauka yashi ne ya cike ta. Abin da manjagara ta fara jawowa wani dunƙule ne baƙi, leda ta nannaɗe da leda, ta haɗa da ledar fiya wata da tsumma da yashi, ta murɗe kamar igiyar rijiya, har sai da mutum uku suka kama kafin ta fito. Muna warware ta a bakin titi sai ga wata mai ratsin fari da shuɗi, irin wadda ni kaɗai ke bayarwa a duk layin a lokacin. Babu wanda ya ce mini komai, amma kowa ya gani. Na yi asarar kaya da ledar da na saya da kuɗina na raba kyauta.

Ba zan ɗora wa leda duk laifin ambaliya ba. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddodi ya nuna wa kowa abin da gini a kan hanyar ruwa ke haifarwa. Amma duk wanda ya taɓa yashe kwata a garin nan ya san abin da ke riƙe yashin har ya zama toshiya. Ganye yana ruɓewa, takarda tana narkewa, leda kuwa tana nan. Wadda ruwa ya ja ta faɗa Jakara, ta bi ta har madatsar Wasai, ta ratsa gonakin da ake noma mana latas da alayyafo. Wadda ta tsaya a bola kuma, manoman kewayen birni ne ke kwasar ta cikin taki. A da shara daga birni dukiya ce, jakuna ke kai ta gona. Yau manomi na zuba takin bola, idan ya zo huɗa garma na tono leda kamar ita ya shuka.

Sai kuma dabbobi. Akwai wata dattijuwa a layinmu, mijinta ya rasu, tunkiya biyu ne jarinta. Ɗaya ta fara ramewa, ga ciki a kumbure, ga dusa a gabanta ba ta ci. Aka yi magani har aka gaji, daga ƙarshe aka ce a yanka kafin ta zama mushe. Ina tsaye mahauci ya farka tumbin. Ya sa hannu ya ciro wani curi mai girman ƙaramar ƙwarya, da tauri kamar busasshiyar fata, leda ce zalla ta cure da 'yan igiyoyi. Bai ko yi mamaki ba, ya jefar gefe ya ce wannan ai kullum ne. Dattijuwar ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce, “Ashe yunwa ce ta kashe ta, ga abinci a gabanta.” Ku tura a tambayi mahautan abbatuwa da likitocin dabbobi, za su ba ku labarin da ya fi wannan. Mutuwar shanu da tumaki na cikin manyan dalilan da ƙasar Muritaniya ta bayar lokacin da ta hana leda a farkon 2013, kuma mu ma masu kiwo ne, a cikin gida da kan titi.

Bayan waɗannan abubuwa biyu na yanke shawarar in daina ba da leda kyauta. A nan ne nake roƙon ku saurare ni da kyau, domin abin da ya same ni shi ne dalilin wasiƙar nan.

Na rubuta a kwali na rataye: wanda ya zo da mazubinsa ya kyauta, wanda yake son leda zai biya kuɗinta. Ba riba na ɗora ba, kuɗin da na saye ta ne. Rana ta farko wani dattijo da muke mutunci ya sayi sabulu da taliya, na ce masa ledar ta kuɗi ce, ya dube ni ya ce, “Haba Alhaji, har abin ya kai ga leda?” Na yi masa bayanin kwalbati, ya ce wallahi gaskiya ne, leda ta zama annoba, ya kamata gwamnati ta hana. Ya biya ya tafi. Bai sake dawowa ba sai da na sauke kwalin. Yaran da ake aikowa su suka fi ba ni tausayi, domin kuɗin da aka ba su a ƙirge yake. Yarinya za ta tsaya da ƙwai uku a hannu ta ce, “Baba, in na fasa za a dake ni.” Wa zai iya hana ta? Matan aure kuma suka riƙa aiko da saƙo cewa wai na zama marowaci. Shagon da ke kallon nawa bai canza komai ba, yana ba da leda har da ninki, kuma ban ga laifinsa ba. Cikin mako uku cinikina ya ragu yadda na ji a jikina. Na cire kwalin na koma gidan jiya.

Abin da na koya shi ne babu ɗan kasuwa ɗaya da zai iya daina ba da leda shi kaɗai. Duk wanda ya fara, maƙwabcinsa ne zai kwashe masa masu saye. Mu kuma da yawanmu mun gaji da ita. Leda daga man fetur da iskar gas ake samo sinadarin yin ta, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki darajar naira a 2023, kuɗin ɗaurin leda ya yi ta hawa kamar na sauran kaya. Mai saye yana ganin kyauta ce, alhali daga cikin 'yar ribar da ke kan sabulu da madara take fita. Akwai cinikin da in ka cire kuɗin leda, gaisuwa kawai kuka yi da mai saye. Da za a ce daga rana kaza babu mai ba da leda kyauta a faɗin jihar, daga babban kanti har mai tebur, da yawancin masu shago hamdala za su yi a ransu ko da sun yi gunaguni a baki. Wannan aiki ne da doka kaɗai ke iya yi, domin ita ce ke ɗaure kowa a rana ɗaya.

Ba mu muka fara ganin haka ba. Ƙasar Ayalan ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda a watan Maris na 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ingila ta sa kwabo biyar na kuɗinsu, wato peni 5, a watan Oktoban 2015, amma manyan kantuna kawai dokar ta hau. Ƙungiyoyin masu ƙananan shaguna da kansu suka riƙa neman a haɗa da su, saboda dalilin da na faɗa muku yanzu, har aka mayar da kuɗin peni 10 aka haɗa kowa da kowa a 2021. Ɗan kasuwa ko'ina yake halinsa ɗaya: ba ya ƙin gyara, yana tsoron ya zama shi kaɗai ne ya gyara.

Su kuma masu saye, na daɗe ina sauraron su, kuma ba na jin munafunci ne ke sa mutum ya zagi leda da baki yana miƙa hannu a ƙara masa wata. Sabo ne, da kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wato sutura. Baƙar leda rufin asiri ce. Magidanci ya auno garin kwaki rabin kwano, ba ya son duk majalisar da ya wuce ta san abin da gidansa zai ci yau. Mace ta aiko a saya mata audugar mata, ba za a ratsa layi da ita a fili ba. Duk wanda zai rubuta doka a kan leda a ƙasar Hausa bai san wannan ba, zai rubuta abin da mutane za su ƙi ba tare da sun gaya masa dalili ba. Jakar ƙyalle tana suturtawa fiye da leda, amma sai an sa ta a hannun mutane tukuna.

Kuma mun san ta. Ina yaro kakata ba ta zuwa kasuwa sai da kwando, nama a ganye ko takardar siminti, man gyaɗa a kwalba, fura a ƙwarya da faifai a rufe. Yaro in an aike shi sayen ƙosai da kwano yake tafiya, mai koko kuma a kofin gidanku za ta zuba maka. Ba na cewa a koma wancan zamani gaba ɗaya, garin ya cika, mutane na tafe a babur da adaidaita, ba kowa ke fita daga gida da niyyar cefane ba. Amma waɗanda suka rayu ba leda suna nan da ransu a gidajenmu. Ba al'adar kaka da kakanni ba ce da za a ce ba ta kankaruwa.

To amma, ranku ya daɗe, akwai inda nake jin tsoro, kuma tsoron nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Da na kawo maganar a majalisarmu ta bayan la'asar, inda masu shagunan layi da 'yan tebur ke zama, babu wanda ya kare ledar cefane. Tambayar da kowa ya yi ita ce ta ƙulli.

Talakan garin nan da ƙulli yake rayuwa. Ƙullin sukari, ƙullin gishiri, ƙullin manja, ƙullin omo, ƙullin barkono da kuka da daddawa. Wanda ya samu kuɗin yini ba ya sayen kwalbar mai, ƙulli yake saya na miyar yau. A bayan kowane ƙulli kuma akwai mace a cikin gida da ke zaune da farar leda tana ɗaurawa, da shi take sayen sabulu da littafin yara. Haka mai zoɓo da kunun aya, mai awara, mai alala, mai nono. Wani mai nama a cikinmu ya ce, “Ni ku gaya mini, ɗanyen nama da jininsa a me zan ba mutum ya hau babur?” Tambaya ce ta gaskiya. Idan doka ta zo ta ce leda duk leda ce, aka saki jami'ai cikin kasuwa da unguwanni, ba masu masana'anta za su kama ba. Yarinya mai tallan gyaɗa za su kama, da tsohuwa mai daddawa. A kifar da tire, a ƙwace kaya, a karɓi na goro a saki, gobe a dawo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Mun sha ganin dokar da aka yi da kyakkyawar niyya ta koma hanyar tatsar marasa ƙarfi, har mutane su tsani gyaran da aka zo da shi.

Shi ya sa ƙudirin da Majalisar Wakilai ta Tarayya ta amince da shi a watan Mayun 2019 ya tayar wa 'yan kasuwa hankali. Ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara uku ga mai shagon da ya ba da leda. Bai zama doka ba, amma ku auna: mai teburin da duk jarinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan tara ba, me ake nufi da shi? Kenya ta bi wannan hanya mai tsanani a watan Agustan 2017, tara har shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara huɗu. Titunansu sun yi sauƙi, ba a musu. Amma leda ta ci gaba da shigowa a ɓoye ta kan iyakar Yuganda, kuma aka cika kasuwa da wasu jakunkuna marasa ƙwari da su ma ake yarwa bayan kwana biyu.

Ba sai mun je nesa ba ma. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi dokar hana kerawa da shigowa da sayar da siririyar leda tun watan Nuwamban 2014. Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram bayan nan ya ga yadda leda ke yawo kamar ba a taɓa yin dokar ba. Kamaru ma ta hana a 2014, leda ta riƙa tsallaka musu iyaka daga wajenmu. Ni da nake zuwa sari na san inda 'yan kasuwar waɗannan ƙasashe ke lodin ta. A nan ne. Kano ba mai amfani da leda ba ce kawai, mai yin ta ce, kuma mai raba ta ga maƙwabta. Masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa da Dakata ba ɓoyayyu ba ne. Wannan nauyi ne a kanmu, amma kuma dama ce da Maraɗi ba ta da ita: su sai dai su tsare iyaka mai tsawon da ba ta tsaruwa, ku kuwa kuna iya zama da masu injin a ɗaki ɗaya.

Roƙona ke nan. A faro daga masana'anta da manyan diloli. A ƙayyade kaurin da ledar cefane ba za ta gaza shi ba, kamar yadda Legas ta yi, a hana yin wadda ba ta kai ba da shigo da ita daga wata jiha. Siririyar baƙar nan da ke yagewa kafin a kai gida, wadda dole sai an ninka ta biyu, wadda ko 'yan bola jari ba sa tsinta saboda ba ta da nauyin da za a auna, ita ce ta fi cika kwata, ita ce iska ke kai wa dabbobi. Idan babu ita a wurin sari, ba za ta kasance a shagona ba, ba sai an turo kowa ya bincike ni ba. Masana'antu ƙirgaggu ne, 'yan tebur kuwa ba su ƙirguwa. A ba masu injin wa'adi na gaskiya, shekara ko fiye, su sauya abin da suke fitarwa su sayar da abin da ke ƙasa, domin akwai dubban matasa da ke cin abinci a waɗannan wurare, kuma ba wanda zai ji daɗi a rufe musu ƙofa a garin da aiki ya yi wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai kaurin da za ta rage, a hana bayar da ita kyauta, kowa da kowa, a rana ɗaya. Leda mai kauri da mutum ya biya ba ya yar da ita a bakin titi, ninke ta yake ya sa a aljihu. Mun ga haka da buhun bakko, wanda babu gidan da ake jefar da shi sai ya mutu. Ƙulli da ledar ɗanyen nama da kifi kuwa a ɗaga musu ƙafa a zagayen farko, a faɗa a fili cikin dokar da Hausar da kowa zai gane, don kada wani jami'i ya fake da ita ya shiga gidan mai ƙullin gishiri.

Fiya wata maganarta daban ce, kuma ina roƙon kada a haɗa ta da wannan. Mutane ba don sha'awa suke shan ruwan leda ba, famfo ne babu ruwa. Legas ma ba ta sa shi cikin abin da ta hana ba. Amma masu yin sa su ɗauki nauyin ledarsu. Ledar fiya wata tana da kauri, ana narka ta a sake aiki da ita, kuma akwai masu sayenta a kilo. Da kamfanonin ruwa za su haɗa kuɗi a buɗe wuraren saye a kowace unguwa da farashin da ya taka kara ya karya, da yara da matan da ke tsintar gwangwani sun share ta daga titi ba tare da an roƙe su ba. Ƙarfe da gorar roba ba sa kwana a bola a garin nan, saboda suna da kuɗi.

Akwai abu ɗaya da nake so malaman lafiya su taya ku faɗa, ko da doka ba ta kai can ba: zuba abinci mai zafi a leda. Tuwo daga tukunya zuwa leda, koko yana tururi a leda, alala a dafa ta cikin leda, sannan a hura gawayi da leda, hayaƙin yana shiga ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta. Ni ba likita ba ne, amma hancina na gaya mini wannan hayaƙin ba na shaƙa ba ne. A gidana na hana, kuma ba a rasa abin hura wuta ba.

Sai abin da zai maye gurbi, wanda in babu shi duk maganar nan iska ce. Bangaladash ce ƙasar farko da ta hana siririyar leda, a 2002, bayan an gano yadda ta toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyar da suka yi, amma leda ta dawo kasuwanninsu domin abin da aka ce a riƙe a madadinta ya fi ta tsada kuma ba a ci gaba da bibiya ba. Mu Allah ya hore mana abin yi. Garin nan cike yake da teloli, kuma ragowar yadi da ake sharewa daga shagunansu da na Kwari kullum ya isa a ɗinka jakunkuna masu yawa. Ƙauyukanmu na da masu saƙar kaba. Buhunan shinkafa da na fulawa da muke juyewa a shago, in aka yanka aka sa musu hannu, jaka ce da za ta shekara. Cikin kuɗin da ake warewa na koya wa mata da matasa sana'a, a ware wani a ba su aikin ɗinka jakar cefane, gwamnati ta sayi zubin farko ta raba a kasuwanni da makarantun Islamiyya watanni kafin dokar ta fara aiki. Mu masu shago za mu sari sauran mu rataye a bakin ƙofa, domin abin sayarwa ne.

A kuma bi ta hanyar da magana ke shiga kunnen mutanenmu. Limamai su faɗa a huɗuba, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Masu unguwanni da dagatai su faɗa, gidajen rediyo su faɗa. Ruwanda, wadda ta hana leda tun 2008 har ana karɓe ta daga jakar matafiyi a filin jirgi, tana da aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen wata, irin tsaftar muhallin da mu ma muke yi. Bambancin shi ne su abin da suka kwashe ba ya dawowa. Mu kuwa sau da yawa mukan yashe kwata mu tara a bakin titi, kafin mota ta zo ruwa ya mayar da shi inda aka ciro shi. Idan za a nemi jama'a su canza hali, to su ma su ga motar shara tana zuwa a kan lokaci.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne a tambaye mu kafin a rubuta, ba bayan an rubuta ba. Na san kuna yin zaman jin ra'ayin jama'a, amma wanda ake yi a zauren otal da Turanci, masu manyan kantuna da masu masana'anta ne ke zuwa, su kuma suna da lauyoyi da za su yi magana a madadinsu. Mai awara ba za ta zo ba, mahauci ba zai bar teburinsa ba. Ku fito ku zauna da shugabannin kasuwar Sabon Gari da Singa da Rimi da 'Yankaba da Kurmi a cikin kasuwannin, da Hausa, a lokacin da ciniki ya lafa. Ku aika mata su shiga gidaje su ji daga bakin masu ƙulli. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma za ku ji dabarun da ba za su zo wa kowa a ofis ba. Wata mai kunun aya da na yi wa maganar ta ce ita tuni ta koma gora, tana rage wa duk wanda ya dawo mata da ita wani abu, kuma gorunanta na dawowa.

Kwalin nan da na rubuta ban yar da shi ba, yana bayan kanta a jingine. Ranar da kuka sa rana ga kowa, ni zan fara rataye shi a layinmu, kuma maƙwabcina da ke kallon shagona ya ce in rubuta masa nasa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani mai shagon kayan masarufi a birnin Kano